Abin da Nake Dubawa a Ƙeyar Mutane

Ni mai zanen hula ne. Ya kamata in fayyace wannan tun da farko, domin mutane da yawa, har waɗanda suka tsufa da hula a kansu, ba su san cewa kafin allura ta taɓa yadi akwai wanda ya riga ya zauna ya shata mata hanya ba. Tela yakan yanko farin yadi mai tsawo, daidai kewayen kan mutum, a kawo mini. Ni kuma in shimfiɗa shi a kan katako, in ɗauki rula da biro, in zana adon da za a bi daga wannan baki zuwa wancan. Daga hannuna yadin yakan shiga cikin gidaje, mata su bi zanen da zare mai launi har su rufe shi. Sa'an nan a haɗe bakin biyu, a ɗora saman hular, a wanke, a sa sitaci, a goge. A wankin nan ragowar tawadata takan fita. Saboda haka babu wanda ya taɓa ganin aikina a kan wani mutum. Sawunsa kawai ake gani.

Kowane ɗan ado da ke maimaituwa a jikin hula muna ce masa gida. Nauyin sana'ar kuwa duka yana wurin da bakin yadin biyu suka gamu, wato mahaɗa. Idan mai zane ya raba gidajensa daidai, na ƙarshe zai shige cikin na farko, ido ya kewaye hular bai gane inda aka fara ba. Idan kuwa ya yi sakaci, ko da faɗin gashi ne a kowane gida, sakacin zai yi ta taruwa har ya iso mahaɗa, a nan ya fito fili: ko dai rabin gida ya ci karo da cikakke, ko kuma fari ya rage ba komai a cikinsa. Duk mutumin kirki idan zai sa hula baya yake juya mahaɗa, ta zauna a bisa ƙeya. Samarin yanzu sukan bar ta a kan kunne, amma ba da su nake ba.

Rula na koye ta a makarantar mishan. Mahaifina magini ne, ya yi wa 'yan mishan aiki lokacin da suke gina ɗakin shan magani. Da suka nemi ya ba su yaro ɗaya ya yi karatu sai ya ba da ni, bisa sharaɗin cewa ba zan bar allo ba safe da yamma. Malamin da ya koya mana rubutu da zane wani dogon Bature ne mai Hausa irin ta littafi. Yana da wata al'ada a ƙarshen kowace shekara. Kafin a ba mu hutu, kowane ɗalibi zai jera zanensa na shekarar a kan benci, ya ja da baya har bayansa ya taɓa bango, ya duba, sa'an nan ya faɗi aibin aikinsa da bakinsa a gaban kowa. Wanda ya ce bai ga aibi ba, sai a ce ya ci gaba da tsayuwa har ya gani. Ban taɓa jin ya yabi ɗayanmu ba, kuma ban riƙe shi da wannan ba. Abubuwa da yawa da aka koya mini a can na watsar da su a hanya, amma wannan tsayuwar ta biyo ni har tsufa.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare a ƙauyukan ƙasar Gezawa. Zanen hula na fara shi ne don ƙanwata, wadda take bi mini da haihuwa ɗaya a tsakani, lokacin da ta yi aure ta soma ɗinki tana kukan masu zanen kasuwa suna ɓata mata zare. Da na bar aikin gwamnati sai ya zama shi ne aikina gaba ɗaya. Ƙanwar tawa yanzu tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ita ke karɓar yadin daga wurina ta rarraba wa surukanta da matan maƙwabta a unguwarsu, wadda gonaki kaɗan suka raba da tamu.

Matsalar mai sana'a irin tawa ita ce ba shi da bencin da zai jera aikinsa. Abin da na zana yakan watsu, wani a kasuwa, wani a birni, wani a akwatin ango. Na daɗe ina tunanin yadda zan yi, har na lura cewa akwai rana ɗaya a shekara da aikin yakan taru da kansa ya jeru sahu-sahu ya juyo mini da baya. Ranar ƙaramar Salla ce, a filin Idi, inda kowane magidanci yakan zo da sabuwar hula. Tun daga shekarar da na gane haka, ni da nake sahun gaba a masallacin Juma'a, ranar Idi can baya nake shimfiɗa dardumata. Kafin liman ya iso ina duba ƙeyar mutane. Idan aka ta da salla na runtse wannan idon, domin ba don hula aka taru ba. Idan aka sallame, mutane suka zauna sauraron huɗuba, sai in ƙarasa dubawata. Sauran kwanakin shekara ba na kallon ƙeyar kowa, da gangan, saboda wanda ke jarraba kansa kullum ba zai sami hannun yin aiki ba.

Nakan gane nawa daga nesa kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa a mashaya. Abin da nake tambayar kaina ba shi da yawa. Shin na kawo wani sabon abu bana, ko na bara na maimaita? Shin akwai gidan da na cika wa ado har ya hana ido hutawa? Shekaru da dama na dawo gida da hukunci mai ɗaci a kan waɗannan, na kuma gyara. Amma tambaya ta ƙarshe, ta mahaɗa, ba ta cikin abin da ake gyarawa. Tun ina da ƙarfina na ga tsofaffin masu zane da hannunsu ya lalace suna ci gaba, mutane na karɓar aikinsu don kunya. Na ƙudura a raina, na kuma faɗa a gaban iyalina ba sau ɗaya ba, cewa ranar da na ga mahaɗata ta ƙi haɗuwa a kan wani mutum, ranar zan ajiye biro.

Sallar da nake son ba da labarinta ta faɗo a tsakiyar bazara. Tun hantsi rana ta yi zafi, filin ba inuwa sai ta gawo guda ɗaya da dattawa suka riga kowa. Na zauna a baya na fara dubawa. Hular farko tawa da na gani tana kan wani mai sayar da taki, ruwan toka da baƙi, gidajenta sun tafi daidai. Da idona ya iso mahaɗa sai na ga wani abu da ban san shi ba. A tsakanin gidan ƙarshe da na farko akwai wani siririn ado a tsaye, faɗinsa bai fi yatsa ba, kamar zangarniyar gero a kan kararta. Na ce a raina ko dai hular ba tawa ba ce, wani ya kwaikwaye ni ya ƙara nasa. Na matsar da ido zuwa ta gaba. Ita ma da zangarniyar. Na bi sahun har ƙarshensa, na koma na gabansa. Wasu hulunan nawa, waɗanda na gane na shekarun baya ne, ba su da ita. Sababbin kuwa kusan duka suna da ita.

Ba tsoro ne ya fara zo mini ba, mamaki ne. Abin ba mummuna ba ne. An yi shi da hankali, zarensa ya dace da na jikin hular, wanda bai san zanen ba zai rantse tare aka haife su. Amma ni na san ban zana shi ba, kuma na san a zanena babu wurin da zai shiga, sai fa idan wani wuri ya buɗe da ban sani ba.

Da aka watse na hangi taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda muka taso tare muna tsokanar juna har furfura ta cim mana. Yana sanye da sabuwa, shuɗiya, ita ma tawa.

Na ce, “Alhaji, ara mini hularka.”

Ya ce, “A filin Idi? Ɗan mishan, yunwar azumi ce ba ta sake ka ba har yanzu? Bari mu kai inuwa, kada rana ta gasa mini sanƙo.”

Muka matsa gindin gawon, ya tuɓe ya miƙo mini. Na juya ta, na nisanta ta da fuskata, na sa babban yatsa a kan zangarniyar.

“Wannan fa?”

“Au, yabo kake nema? To, ka samu. Ita ake yayi bana, mai zangarniya. Da na ga ta limamin unguwarku sai na aika wa Hajiya ƙanwarka na ce irinta nake so. Har na ce wa mutane ashe tsohon nan da sauransa, mun ɗauka rula ta shanye masa basira.”

Na mayar masa da hularsa. Ya sa ta a karkace, na gyara masa.

Washegarin Salla da la'asar na ratsa gonaki zuwa gidan ƙanwata. Ƙasa ta bushe fayau, an fara zuba taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa. Na same ta a rumfar tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ba ɗinki a hannunta saboda hutun Salla. Muka gaisa, ta turo mini kwanon cincin, ta tambayi ƙafata, na tambayi bayanta.

Na ce, “Hajiya, wa ya shuka gero a bayan hulunana?”

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. “Yaya, sai jiya ka gani? Ai tun bayan kaka muke yi.”

“Ban tambayi yaushe ba. Wa ya sa shi, kuma me ya sa?”

Ta daina dariyar. Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da yadi ɗaya daga cikin na ƙarshe da na aiko, wanda ba a fara ɗinkawa ba. Ta naɗe shi ya zama kewaye, ta ɗora baki a kan baki yadda mai haɗi zai yi, ta miƙo mini. Tsakanin gidan ƙarshe da na farko akwai fari tas, ba komai a ciki. Ta ɗora ƙaramin yatsanta a wurin, ya cika shi daidai.

Ta ce, “Da fari kamar tsinke ne, muna ɗan jan zare mu rufe. Sai ya yi ta faɗi. Da ya kai haka na ce ba a bar wa mutum fari a ƙeya kamar tabo, sai na sa masa wannan. Ranar ana sussukar gero a gabana, shi ne abin da ya zo mini.”

“Me ya hana ki gaya mini?”

“Wa zai gaya maka? Kai da ka taɓa mayar wa tela yadi don bakinsa ya ɗan karkace, har ya yi wata bai gaishe ka ba? Kuma a gabana ka sha faɗa cewa ranar da mahaɗa ta ƙi, ka ajiye. To, in ka ajiye wa zai zana mana? Yaran nan masu kwafa daga waya, da gidansu ɗaya ya fi ɗaya ƙiba?”

Na ce mata ba ta kyauta ba. Ta ce ta ji, in ci cincin.

Na taho da yadin gida. Da safe, da haske ya yi kyau, na fitar da katakona bakin zaure na shimfiɗa shi. Abin da nake son sani shi ne ta ina farin ya shigo. A ƙa'ida nakan bar ɗan fili a kowane baki don mai haɗi ya sami abin kamawa, saboda haka da na riƙa ganin fili a ƙarshen zane na ɗauka shi ne, ban lura yana ƙaruwa ba. Na duba layukan, ba rawa a cikinsu, a miƙe suke. Ashe ba hannu ba ne. Na auna gida na farko, sai na ga ya gaza da ɗan abin da bai kai kaurin layin biro ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka, kowanne da irin gazawar ɗan'uwansa, kamar da gangan aka yi. Wannan ya ƙara ɗaure mini kai, domin kuskuren sakaci ba ya zuwa da tsari.

Sai na ɗora bakin biro a kan alamar rula kamar zan fara zane, na tsaya ina kallo. A nan na ga alamar ba ɗaya ba ce, biyu ce, ɗaya baƙa ɗaya kamar inuwarta. Na rufe idon dama, ta koma ɗaya ta matsa. Na rufe na hagu, ta dushe. Na cire tabarau na ɗaga kai, na hangi ɗorawar da ke can ƙarshen gonar maƙwabcina, ina ganin 'ya'yanta suna reto ɗaya-ɗaya. Nesa lafiya lau, kusa ne ya lalace. Tabaran nan kuwa a kasuwar Gezawa na zaɓe shi daga faifan mai talla shekaru da suka wuce, na gwada shi a kan rubutun kwalin ashana na ga ya yi. Watanni ke nan ina ɗora biro a kan inuwar alama, alamar kanta tana gefe.

Na ji daɗin gano wannan, kamar yadda nakan ji da idan lissafi mai wuya ya fita. Da daɗin ya lafa sai abin da ke bayansa ya fito. Mahaɗa ta ƙi, na gani da idona a kan mutane, kuma na riga na faɗi abin da zai biyo baya. Na naɗe rula da biro a tsumma na sa a ƙasan akwati. Na aika wa tela cewa kada ya sake kawo yadi.

Makonnin da suka biyo baya ban san yadda zan yi da hannuna ba. Na riƙa fita gona inda 'ya'yana ke shara da baza taki, ina nuna musu inda iyaka ta karkace, har babban ya roƙe ni da girman Allah in koma inuwa. Na gyara layin randuna a tsakar gida, matan gidan suka mayar da su yadda suke. Taubashina ya biyo wata rana ya same ni ina zaune bakin zaure hannu rabbana.

Ya ce, “An ce ka yi murabus. Wa ya tuɓe ka?”

Na ce, “Ni.”

“Ikon Allah. Kai ne alƙali, kai ne mai laifi, kai ne ɗan sanda. Da ka kira ni lauya mana, ko goro ba zan karɓa ba.”

Ya tafi yana dariya, amma maganarsa ta zauna. Na yi ta juya shari'ar a raina. Da na kafa dokar, hannu nake nufi, hannun da ya tsufa ba ya komawa. Ido kuwa ban sa shi a lissafi ba. Sai dai na san halin ɗan Adam, idan doka ta kama shi nan da nan yakan gano cewa ba haka ya nufa ba, kuma na sha hukunta ɗalibai a kan irin wannan wayo. Na kasa yanke komai. Abin da na iya kawai shi ne in nemi sanin ko idon mai gyaruwa ne, tunda ba a hukunci da rabin bayani.

Na hau motar safe zuwa Kano, asibitin ido. Wata matashiyar likita ta zaunar da ni, ta riƙa sauya gilasai a gaban idona tana tambaya, wannan ko wancan. Na ce mata ta maimaita wasu, domin ba na son in amsa da gaggawa. Ta ce, “Baba, kai ne mutum na farko yau da ya ce a sake masa jarrabawa.” Ta bayyana mini cewa idanuna biyu ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, tabaran kasuwa kuwa gilashinsa biyu iri ɗaya ne, shi ya sa suke jayayya. Ta ce akwai yana da ta fara a na hagu, amma da sauran lokaci kafin ta kai a taɓa ta.

Ranar da na karɓo sabon tabarau na ga abubuwan da ban nema ba. Na ga tsaga a bangon zaurena, na ga datti a faratana, na ga yadda fuskar mai ɗakina ta tsufa ban sani ba. Na buɗe akwati na warware tsumman, alamun rula suka tsaya ɗaya-ɗaya, baƙaƙe, ba inuwa. Na ce zan zana guda ɗaya don gwaji kawai, ba don sayarwa ba. Na ɗauki wani yadi da ya rage, na zaɓi zane mafi wuya da na sani, mai ƙananan gidaje masu sarƙewa, na yi yini a kansa. Da na gama na naɗe shi baki a kan baki. Gidan ƙarshe ya shige cikin na farko, ko allura ba za ta sami wurin tsayawa ba.

A kan wannan na yanke hukunci, kuma zan faɗe shi yadda yake. Na sassauta wa kaina. Na ce dokar ta hannu ce, hannu bai mutu ba, zan ci gaba har yanar ta rufe ko yatsu su fara rawa. Ko wannan adalci ne ko wayo ne, har yau ban tabbata ba, kuma ba na son wanda zai tabbatar mini da sauri. Na aika wa tela, ya kawo yadi, na zana na aika wa ƙanwata lokacin da ruwan farko ya sauka mutane suka fita shuka.

Ba a jima ba sai ga ta da kanta a bayan babur, abin da ba ta cika yi ba saboda bayanta. Ta sauka tana dafa bango, da ƙunshin yadin a hammata. Ta zauna a tabarmar zaure, ta kwance ƙunshin, ta zube shi a gabana.

Na ce, “Akwai aibi ne?”

“Babu. Shi ne aibin. Yaya, ina wurinmu?”

“Wane wuri?”

“Kada ka yi mini Turanci. Wurin zangarniya. Na naɗa wannan, na naɗa wancan, ko'ina a toshe kamar bakin rumbu. A ina za mu sa ta?”

Na ce, “Hajiya, wurin nan kuskure ne. Ciwon ido ne ya buɗe shi, an yi magani, ya rufe.”

Ta ce, “Kuskuren naka ne, ba mu yi maka gardama ba. Abin da ke ciki kuwa namu ne.”

Na fara yi mata bayanin cewa hular da ta cika ita ce wadda ido zai kewaye bai tsaya ba, sai ta ɗaga mini hannu, kamar yadda mahaifiyarmu ke yi.

“Ka san ba iri ɗaya ba ce?”

“Mece ce?”

“Zangarniyar. Kai da ka ce kana duba ƙeya, ba ka lura ba? Tawa a tsaye take. Ta babbar surukata ta ɗan sunkuya, wai ta nuna ta yi nauyi. Yarinyar nan ta gidan mai unguwa tsuntsu take ɗora wa tata a ka, ƙarami kamar ƙwayar wake. Ranar Salla da maza suka taso daga Idi, da ka ga matan nan a bayan dangar gidana suna leƙe. Wannan ta ce ga tawa, waccan ta ce ga tawa can a kan mai taki. Tun ina amarya nake bin layinka, Yaya, ban taɓa kauce masa ba, kuma ban taɓa ganin hula a kan mutum na ce wa wata ga tawa ba sai bana.”

Ban lura ba. Na ga zangarniya a kan mutane da yawa na ɗauka ɗaya ce, domin abin da ke gefenta nake nema. Na ce ta sake gaya mini ta wa ce mai tsuntsu. Ta faɗa. Na tambaye ta ko akwai wadda ta gwada dawa maimakon gero. Ta ce akwai, amma wurin ya yi mata kaɗan, kan dawa yana son faɗi.

Na kalli yadin da ta zube. Aiki ne mai tsabta, mafi kyawun da na yi a shekarun nan. Na ce mata waɗannan kam sai a ɗinka su yadda suke, ba zan ɓata su ba. Ta ce ta yarda, za ta ba waɗanda ba su da ƙorafi. Sa'an nan na jawo katako na ɗauki sabon yadi. Barin fili da gangan ya fi rufe shi wuya, domin sai an cire faɗinsa daga tsawon yadin tukuna, a sake raba abin da ya rage, kowane gida ya ɗauki rabonsa daidai, ba irin rabon da ciwon ido ya yi ba.

Na ce, “Nawa ne faɗinsa?”

“Yatsa ɗaya.”

“Yatsan wa? Naki, ko na surukarki, ko na mai tsuntsu? Ba na aiki da yatsa, Hajiya.”

“To, nawa. Ni ce babba.”

Na ce ta ɗora shi a kan katako. Ta ɗora ƙaramin yatsanta, wanda allura ta daɗe da taurara masa kai, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin inda ake auna tsohuwa da rula ba. Na auna, na sake aunawa, na ja layi biyu sirara a ƙarshen yadin na bar tsakaninsu fari. Ta sunkuya ta duba, ta juya kai gefe.

Ta ce, “Ƙara kaɗan, saboda mai dawa.”

Na ɗauki wani yadin na sake lissafin daga farko.